Salon Manchester City a kan filin burji

Ranar Lahadin da ta wuce na biya naira 500 a bakin ƙofa, na zauna a kan dakalin siminti mai zafi tun kafin la'asar, domin in kalli ƙungiyar da nake goyon baya tun ina ɗan firamare a Tudun Wadan Zariya, kuma na fito daga filin ina jin kamar an yi mini ƙwace da rana tsaka. An ci mu biyu da nema a gidanmu. Duk wanda ya zaɓi ƙaramar ƙungiya mai fafutuka a ƙananan rukunonin gasar ƙasar nan ya riga ya saba da shan kashi, amma wannan karon da kanmu muka miƙa ƙwallayen biyu, saboda kocinmu ya rantse sai ya mayar da yaran Sabon Gari da Gyallesu 'yan Manchester City.

Ga yadda aka ci ta farko. Tun da aka sauya doka a shekarar 2019, aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola tun ƙwallo ba ta fita daga cikin yadi na 18 ba, manyan ƙungiyoyi suka mayar da wannan hanyar fara kai kora daga gida, mu kuma muka ɗauko ta ido rufe. Golanmu ya ajiye ƙwallo, 'yan baya biyu suka tsaya dama da hagu kamar yadda suke gani a talabijin, ya tura wa na dama a hankali, ƙwallon ta taka wani kututturen ciyawa, ta yi tsalle ta wuce ta saman ƙafarsa, ta faɗa gaban ɗan gaban baƙi wanda bai ma yi tsammaninta ba. Ta biyu kuwa ƙanwar ta farko ce, sai dai ta zo ana dab da tashi, lokacin da ƙafafun yaranmu suka riga suka mutu. Wani dattijo da ke gefena ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ce uffan ba har aka busa tashi.

Ina so masu tafiyar da wannan ƙungiya su gaya mini ko sun taɓa tsayawa sun dubi abin da salon nan ya ci kafin ya nuna a Ingila. Koci Pep Guardiola ya zo Manchester City a 2016, kuma a kakarsa ta farko bai ɗauki kofi ko ɗaya ba. Ya ajiye Joe Hart, golan Ingila guda, saboda ƙafarsa ba ta gamsar da shi ba, ya sayo Claudio Bravo abin bai yi ba, sai da ya sake sayo Ederson daga Benfica a 2017 sannan ƙungiyar ta haɗa maki 100 a kakar da ta ƙare a 2018. Filin da suke wasa a kai shimfiɗe yake kamar darduma, ana yayyafa masa ruwa kafin a fara da lokacin hutun rabin lokaci domin ƙwallo ta riƙa sulɓi. Duk da wannan gata, da ɗan wasan tsakiyarsu Rodri ya ji ciwo a gwiwa a watan Satumba na 2024, ƙungiyar da ta ɗauki gasar Firimiya sau huɗu a jere ta riƙa tangaɗi har ta ƙare a matsayi na uku. Rashin mutum ɗaya ke nan a tsakiya ya girgiza gidan da aka kashe wa dukiyar da ba ta ƙirguwa. To mu da me muke taƙama?

Filinmu rabinsa burji ne, rabinsa ciyawar da awaki suka rage. Da hunturu ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa tsalle kamar kwaɗo, da damina kuma bakin raga ya zama fadama. Yaran da ake so su yi fasin talatin kafin su tsallaka tsakiya suna bin bashin albashi da alawus, wasu a kan achaɓa suke wuni kafin su zo atisaye, kuma idan za a je wasan waje sai a cusa su cikin bas ɗaya da daddare, su sauka da safe da kumburarrun ƙafafu su shiga fili da yamma. Wannan ne ya sa kusan duk cin da ake mana yake zuwa a ƙarshen wasa. Salon riƙe ƙwallo yana bukatar mutum ya yi ta motsi yana buɗe wa ɗan'uwansa hanya har minti na 90, kuma wanda ya karya da koko da ƙosai biyu ba zai iya ba, komai kishinsa. Ga bugun kwana, wanda ba ya bukatar ciyawa mai kyau ko kuɗin Larabawan da suka mallaki Manchester City, sai maimaitawa kawai a wurin atisaye, amma har yau idan aka bugo mana shi sai ka ga 'yan bayanmu suna kallon juna, kowa yana jiran wani ya tashi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne muna da abin da za mu yi faɗa da shi, an ƙi amfani da shi ne kawai. Muna da yara biyu a gefe waɗanda idan suka sheƙa sai dai a bi su da ido, yaran da suka koyi yanka a lungunan cikin birni inda ba a ba ka taku biyu. Maimakon a jefa musu ƙwallo a bayan 'yan bayan abokan hamayya su bi ta da gudu, an ɗaure su a bakin layi suna jiran fasin da ba zai iso ba. Idan kwaikwayo ake so, ai ga Kano nan kusa. Kano Pillars ta ɗauki gasar ƙasar nan a 2008, ta sake ɗauka a 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka a 2009, ta kuma shafe sama da shekara goma ba a ci ta a gida ba a gasar lig. Ahmed Musa da gudunsa ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya a can kafin ya tafi Turai. A jiharmu ma Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, Ranchers Bees kuma ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988. Waɗannan duka sun san rana da ƙura da doguwar tafiyar mota irin tamu.

Ba zan wanke mu 'yan kallo ba. Mu ne muke kwana a gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Kwangila, sannan mu zo fili mu riƙa yi wa yaro ihu idan ya ɗaga ƙwallo sama, muna ce masa ɗan ƙauye, har koci ya fara jin kunyar abin da zai kawo masa maki uku. Ni ma na taɓa yin wannan ihun, kuma na tuba.

Da aka tashi na tari ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar a bakin motarsa, na ce masa, "Ranka ya daɗe, kuɗin ƙofar da muke biya duk mako biyu, me ya hana a sayo ko tifa biyu ta ƙasa a cike ramukan bakin raga, a kuma biya yaran nan haƙƙinsu?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Malam, sai haƙuri, tsari ne muke ginawa." Daga nan ya ɗaga gilashi, direba ya ja, ƙurar motar ta rufe ni tare da golanmu, wanda ke tsaye a gefen titi da takalmansa a cikin leda yana neman wanda zai rage masa hanya zuwa Ƙofar Doka.

Wasanmu na gida na gaba saura mako biyu, kuma zan je, zan biya kuɗina kamar kullum. Amma idan na ga gola ya sake ajiye ƙwallo ya yafito ɗan baya cikin yadi na 18 a kan wannan burjin, zan tashi tun kafin ya buga, in je ofishin ƙofa in nemi a mayar mini da naira 500 ɗina a gaban kowa.