Kafin ka kai iyalinka bakin teku a Legas, tambayi ruwa

Tun da aka buɗe kilomita 30 na farko na titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba a ƙarshen watan Mayun 2025, dillalan gidaje suka samu sabuwar waƙa. Duk bidiyon da za su saki da shuɗin teku ake farawa, sai kwalta mai sheƙi, sai ƙofar rukunin gidaje da mai gadi cikin kaki, a rufe da cewa nan ne wurin mai iyali. Ajah, Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, har can Eleko, duk sun koma "Lekki" a bakin dillali. Kowa da sana'arsa, ba na ganin laifin mai talla don ya yabi hajarsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda tallan ya rikiɗe ya zama shawara a tsakanin ma'aikatanmu, har magidancin da aka yi wa canjin wurin aiki yake jin in bai kai matarsa da 'ya'yansa can ba, ya gaza.

Masu neman wannan shawara kuwa suna da yawa. A farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ma ta kwashe hedikwatarta zuwa can. Ga matatar Dangote da tashar jiragen ruwa ta Lekki suna jan injiniyoyi da direbobi da 'yan kwangila. An sha surutu a kan siyasar lamarin, dattawa sun fitar da sanarwa, 'yan majalisa sun yi ta kumfar baki. Amma mutumin da ya tashi daga Kaduna ko Kubwa da yara huɗu da motar kaya, babu wanda ya tsaya ya nuna masa inda zai sauke.

Legas gari ne da ruwa ya raba biyu, kuma duk lissafin unguwa daga nan yake farawa. Akwai ɓangaren Tsibiri da zirin Lekki, akwai ɓangaren Mainland, wato wanda ke haɗe da sauran ƙasa, gadoji uku ne ke haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Unguwar da ta dace da iyali ita ce wadda maigida zai je aiki, yara su je makaranta, ba tare da an ƙetare gada kullum ba, in da hali. Wanda aikinsa yake matatar mai ko yankin masana'antu na Lekki, babu gardama, ya nemi gida a wannan zirin, ta wajen Awoyaya ko Eleko ko ma Epe. Amma ma'aikacin filin jirgin sama na Ikeja da zai kama haya a Sangotedo saboda ya ga teku a waya, ya sayi wahala da kuɗinsa. Zai fita ana kiran sallar asuba, ya dawo yara sun yi barci, sai ranar Asabar su ga fuskarsa.

Dalilin a fili yake. Unguwannin da ke zirin nan kusan duka a kan titi ɗaya suke rataye, wato babban titin Lekki zuwa Epe. Mota ɗaya ta lalace a Jakande ko Chevron, ko tirela ta faɗi bayan Ajah, gosulo ya kama tun daga can har inda ido bai kai ba. Masu cewa sabon titin gaɓar teku ya kawo ƙarshen wannan matsala su fara gaya mana yadda mutum zai fito daga lungun gidansa ya hau titin. Tsakanin ƙofar gida da kwaltar da ake nunawa a bidiyo akwai hanyar yashi da taɓo da ba a ɗauka a hoto. Ga shi kuma tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa inda Lekki da Ajah suke. Uwargidan da ta saba tare ɗan acaɓa ta kai yaro asibiti, a nan sai ta jira mota.

Sai ruwan sama. Duk wanda ke bin labarai ya ga abin da ya faru ranar 3 ga Yulin 2024, lokacin da aka wuni ana ruwa, motoci suka nutse a Lekki da Iyana Oworo da Oshodi. Zirin Lekki ƙasa ce mai kwari tsakanin teku da tafki, wurare da dama fadama ce aka cike da yashi aka yi gini a kai. Idan ruwan tafkin ya cika ya tashi, magudanan ba su da inda za su zubar, sai ruwan ya dawo cikin unguwa. Dillali kuwa ya san lokacin da yake kai mutum ganin gida: Disamba ko Janairu, ƙasa a bushe, ko'ina tsaf. Damunar Legas tana ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Gidan da ba a gan shi a ɗaya daga cikin waɗannan watanni ba, ba a gan shi ba.

In dole ce ta sa a duba gida da rani, gidan da kansa yana ba da labari ga mai lura. A dubi katanga daga waje: layin danshi mai duhu da ya zagaye ta a tsayin gwiwa shi ne iyakar inda ruwan bara ya kai. Idan an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai aka bar sama, layin ake ɓoyewa. A dubi bakin ƙofar falo, ko an ɗaga shi da bulo ɗaya ko biyu. A ga ko janaretan maƙwabta a ƙasa yake ko a kan dandamali, ko akwai injin zuƙe ruwa a ajiye a kusurwar tsakar gida. A buɗe kabad ɗin kaya a shaƙa, warin fumfuna ba ya ɓuya. A ɗaga murfin sokawe: inda ruwan ƙasa yake kusa, ramin ba ya tsotsewa, da damuna ƙazanta ke dawowa ta banɗaki, kuma a tsakar gidan ne yara ke wasa. Bayan haka a bar dillali a mota a je wurin mai gadin layin, ko mai shagon kusurwa. Da yawansu namu ne, da Hausa za su faɗa maka har inda ruwa ya kai da kwana nawa ya yi bai janye ba.

Akwai haɗarin da ya fi ambaliya, wato katafila. A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta rushe gidaje a Ikota da ke Lekki saboda an gina su a kan hanyar ruwa, a watan Mayun 2024 aka yi irin haka a Mende ta Maryland. Ba bukkoki aka rushe ba, manyan gidaje ne masu tayil da katanga. Ɗan haya da ya biya shekara guda ba shi da wanda zai kama. Gidan da bayansa yake jingine da babbar magudana ko bakin rafi, ko yake ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan layin bututun mai, a bar shi ko da kyauta ne. Mutanen Abule Egba a 2006 da na Abule Ado a 2020 sun ga abin da wuta ke yi a irin waɗannan wurare.

Ruwan sha ma haka. A yawancin zirin Lekki ruwan famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne, kowane gida da rijiyar burtsatsensa, ruwan kuma sau da yawa ja ne saboda sinadarin ƙarfe, wani wurin har da gishiri-gishiri. Gwajin ba shi da wuya. A tari ruwan a farin bokiti a bar shi ya kwana. In da safe an ga jan laka a ƙasa, an samu amsa. Tayil ɗin banɗaki da ya yi tsatsa a ƙarƙashin famfo shi ma shaida ne. Irin wannan ruwa yana ɓata fararen kayan makaranta, yana sa wa jarirai ƙaiƙayi, dole sai da injin tacewa, injin kuma yana cin magani da gyara duk wata. In an ji ana cewa gidan yana da injin, a tambayi wa ke biyan kuɗin kula da shi, da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Layin da kurar 'yan garuwa ko tankar ruwa ke yawan shiga, ya riga ya faɗi halin da yake ciki. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe: ƙofa, na'urar sanyaya ɗaki, ƙasan mota.

Yanzu a zo kan kuɗi, inda aka fi yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Kuɗin hayar da ake rubutawa a talla ba shi ne kuɗin shiga gida ba. A ɗauki misalin gidan naira miliyan 3 a shekara. Dillali zai karɓi kashi 10 cikin 100, dubu 300 ke nan. Lauyan da ya rubuta yarjejeniya zai karɓi irin haka. Ga kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar ranar fita, wanda samunsa sai an yi da gaske. Kafin a karɓi makulli an doshi miliyan 4. A rukunin gidaje masu ƙofa kuma akwai kuɗin hidima na shekara, na masu gadi da shara da fitilun layi da man janaretan gayya, kuma shi ne ake ƙarawa ba tare da an shawarci ɗan haya ba. Wutar ma a tambaya. Tun watan Afrilun 2024 masu layin Band A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suke biyan sama da naira 200 a kowane yunit. Gidan da ke shan yunit 300 a wata ya haura naira dubu 60. A tabbatar gidan yana da mitarsa mai kati shi kaɗai, a kuma duba ko tsohon ɗan haya ya bar bashi a kanta, don a aikace bashin mita yakan bi gida.

Dokar haya ta jihar ta 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, ta kuma ba mai hayar shekara notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Sai dai dokar da kanta ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, wato inda hayar ta fi tsada. A sauran wuraren ma masu gida suna neman shekara biyu ido na ganin ido, baƙo kuma yana biya don an ce masa wani na nan tafe da kuɗi a hannu. Wannan gaggawar ita ce makamin ɗan damfara, wanda zai karɓi kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya ya kashe waya. Akwai hukumar LASRERA da ke yi wa dillalai rajista. A nemi shaidar rajistar, a ga mai gidan ido da ido ko lauyansa a ofis, kuɗi kuma ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da na kan yarjejeniya.

Akwai masu cewa a bar duk wannan dogon lissafi, Bahaushe ya nufi Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba inda 'yan uwa suke, shi ke nan. Wannan ma ragwancin tunani ne. Gaskiya ne Agege tana da tsohon zango, da masallatai da Islamiyyu da kasuwar da uwargida za ta samu dawa da kuka da daddawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ake so ya tashi da karatun Alƙur'ani da harshen gidansu. Amma jin Hausa a layi ba ya hana ruwa shiga ɗaki. Gefen Mile 12 da Agiliti da Isheri suna shan ambaliya idan aka saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, ko da ba a yi ruwan sama a unguwar ba.

Ga yawancin masu albashi, ni a ganina hankali ya fi karkata ga unguwannin da ke bin layin jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ogba, Ifako-Ijaiye, Oko-Oba da sassan Ikeja suna kan tudu idan aka kwatanta da zirin Lekki, ga asibitin koyarwa na jihar a Ikeja, ga babban asibitin Orile Agege. Mai aiki a Marina ko dandalin Tinubu da ke Tsibiri ya duba Yaba, Ebute Metta, Surulere ko Gbagada, inda gada ɗaya ce tsakaninsa da ofis, asibitin koyarwa na Idi-Araba kuma yana kusa. Su ma ba a shiga da ido rufe, don a Surulere da Gbagada akwai layukan da ke cika da ruwa. Layi ake zaɓa, sunan unguwa bai wadatar ba. Makaranta kuma a fara samunta kafin gida, a bi hanyar da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin a ga minti nawa take ci. Dillali ranar Lahadi da rana yake auna tafiya.

Hukumomin da ke tura ma'aikata Legas su daina miƙa wa mutum takardar canji da wa'adin mako biyu. Su ba shi masaukin wata uku, ya zo shi kaɗai, ya ga unguwa cikin ruwa, sannan ya ɗauko iyali a hutun ƙarshen zango. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da fadojin sarakunan Hausawa na Legas, da suka san kowane layi da mai gidansa, su buɗe wurin da baƙo zai yi tambaya kafin ya biya. Gwamnatin jihar kuma, tunda ta san magudanan da za ta rusa gidajen kansu, ta wallafa sunayen layukan kowa ya gani tun kafin a karɓi kuɗin hayar mutane.