Kafin a sayar da gona, wa ke tambayar wanda zai noma ta?

Shekara bakwai ke nan ina aiki a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Poitiers, a yammacin Faransa, inda nake tuƙa motar da ke bin gidajen gona tun kafin asuba tana kwasar nonon awaki. A cikin gidajen da nake tsayawa akwai na wani dattijo da ya haura shekara saba'in, ƴaƴansa duk sun koma birni, ya yanke shawarar sayar da gonarsa mai kimanin hekta ashirin. Maƙwabcinsa, wanda ya riga ya mallaki ɗaruruwan hekta, ya taya, dattijon ya sallama. A wurinmu da magana ta ƙare ke nan. Sai wata safiya na tarar da shi tsaye bakin rumfar tatsa ransa a ɓace, ya ce mini wata hukuma mai suna SAFER ta shiga tsakani, ta karɓi cinikin a kan kuɗin da aka yi, kuma ita za ta zaɓi wanda za a ba gonar.

Da na tashi aiki na biya ta ofishin magajin garin ƙauyen, wani ɗan ginin dutse da ba a buɗe shi sai safiya biyu a mako. A gefen ƙofar akwai akwati mai murfin gilashi da ake liƙa sanarwa a ciki, tsakanin takardar ranakun kwasar shara da ta wani aure da za a ɗaura. Ana yayyafi, sai da na goge gilashin da hannun riga kafin na iya karantawa. An rubuta lambar kowane yanki na gonar, da faɗinsa, da irin ƙasar, sannan aka ce duk mai bukata ya kai takardarsa cikin kwana 15, ya bayyana abin da zai yi da ita. Bayan ƴan watanni gonar ta faɗa hannun wata matashiya wadda ba ƴar ƙauyen ba ce, mai awaki kamar tamanin a rumfar haya, ba ta da ko taƙi ɗaya nata. Dattijon ya karɓi kuɗinsa cif, babu abin da ya ragu. Yanzu gidanta ne zangona na huɗu kowace safiya.

Daga baya na bi diddigin yadda abin ke tafiya. An kafa SAFER a 1960, aka ba ta ikon riga mai saye a 1962. Duk cinikin gona sai ya bi ta hannun noter, wato jami'in da doka ta ɗora wa rubuta cinikin ƙasa da gida, shi kuwa wajibi ne ya sanar da hukumar, wadda ke da wata biyu ta ce ta shiga ko ta bari. Idan ta ga kuɗin ya wuce kima tana iya tayawa ƙasa da haka, mai gona kuma yana da damar fasa sayarwa. Wanda aka ba gonar yana sa hannu cewa zai ci gaba da noma ta aƙalla shekara goma. Mai haya ma ba a bar shi a baya ba, domin tun 1946 doka ta ce hayar gona ba ta gaza shekara tara, hukuma ce ke ƙayyade iyakar kuɗin haya, kuma idan mai gona zai sayar, wanda ke noma ta ake fara yi wa tayi. Wannan na cikin dalilan da suka sa hekta guda a Faransa take wajen Yuro 6,000, alhali a Holan ta ninka haka fiye da sau goma.

Da abin ya tsaya nan, da na yaba na wuce. Amma a cikin watan ne Yaya ta aiko mini da saƙon murya daga Maraɗi, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce: "Auta, ka yi haƙuri, gonar Baba ta hanyar Madarunfa ta tafi." Tun rasuwar Baba ba a raba ta ba. Yayyenmu maza uku suka sayar da kasonsu ga wani Alhaji na cikin gari, aka yi takarda da shaidu, sannan aka bi matan ɗaya bayan ɗaya da kuɗi ƙunshe cikin leda, ana ce musu ai gona ba ta rabuwa yadda kowa zai ji daɗi. A cikinta gamanar Inna take, wato ɗan yankin da aka ware mata tana noma wa kanta, inda ta shekara fiye da talatin tana shuka wake da riɗi da yakuwa a gindin wani babban gawo. Ba a yi wata uku ba aka kafa turakun siminti. Ba na kiran ƴan uwana macuta, domin na san babbansu bashi ya yi masa katutu kuma yana da mara lafiya a gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga ranar da aka fara maganar har ranar da aka ƙirga kuɗin, babu mutum ɗaya da aikinsa ne ya tambaya ko akwai wanda ke ci daga wannan ƙasa.

Ba doka muka rasa ba. Kundin tsarin karkara na Nijar na 1993, wanda muka sani da Code Rural, ya amince da mallakar gargajiya, ya kuma kawo kwamitocin Cofo tun daga ƙauye har zuwa gunduma, masu ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Takardar tana rage rigima, wannan gaskiya ne. Sai dai aikinta shi ne ta tabbatar da wanda ya saya, ba ta da ta cewa a kan wanda ya dace ya samu, kuma wanda ya san hanyar ofis shi ke fara riƙe ta. Kafin nan, a 1974, shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kountché, ya yi shelar cewa gona ta wanda ke noma ta ce. Niyya ce mai kyau, amma manyanmu suna ba da labarin yadda masu gonaki suka shiga tsoron ba da aro, don kada mai aro ya wayi gari mai gona.

A halin nan jama'a sai ƙaruwa take. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, mafi yawansu a cunkushe a kudu, wajen Madarunfa da Agye da Gidan Rumji. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa an yanka shi sau biyu ko uku, har ya zama ɗamara-ɗamara, kuma idan wuri ya ƙure, gamanar mace ake fara janyewa. Har suna muka yi wa abin, kublen gona, mace tana fita kasuwa da rijiya amma a ce gona ce ba ta zuwa, alhali kowa ya san babu gonar ne. Jinginar da aka yi a watan bazara don buhu biyu na hatsi ba kasafai ake fansarta ba. Wanda kuma ya tuna abin da ya faru a ƙauyen Toda a 1991, inda aka hallaka mutum fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na makiyaya, ya san inda ƙuncin ƙasa ke kai mutane. A cikin garin Maraɗi kuwa, wuraren da muka taso muka tarar gonaki ne a bayan unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sun zama filaye masu katanga, da yawa babu gini a ciki shekara da shekaru, sai bukkar mai gadi da iyalinsa, wanda wataƙila a wannan wurin ubansa ya yi noma.

Ba zan ce Faransa ta gama da nata ba. Tsakanin 2010 da 2020 gidajen gona kusan 100,000 suka ɓace, saura kimanin 390,000, kuma ina wucewa ta ƙauyukan da rabin tagoginsu a rufe suke. Manyan masu kuɗi sun gano cewa idan suka sayi hannun jarin kamfanin da ya mallaki gona maimakon gonar kanta, hukumar ba ta iya tare su, har sai da aka yi sabuwar doka a 2021. Manoma da kansu suna gunagunin cewa kwamitin zaɓe yakan karkata ga waɗanda ya sani. Duk da haka, na ga mace marar gata ta samu hekta ashirin a gaban mai ɗaruruwa, kuma ban taɓa jin irin wannan a gida ba.

Da na ba wani abokin aikina Bafaranshe labarin gonarmu, sai ya kaɗa kai ya ce matsalar Afirka rashin takarda ce. Maganar ta yi mini zafi har yanzu. Gonarmu da takarda aka sayar da ita. Kuma mulkin ƙasarsa ne ya zo ya kira dazuzzukanmu da makiyayarmu ƙasar da ba ta da mai ita, don kawai bai ga rubutu ba. Abin da suke alfahari da shi tun 1962, malamanmu na Malikiyya sun daɗe suna karantar da shi a zaure da sunan shuf'a: idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa na ƙasar da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin biyan kuɗin su karɓe. A da, mai gari ba ya yarda gona ta fita daga dangi sai an zagaya an ji babu mai iya riƙe ta, baƙo kuma ana ba shi wurin noma ya kawo damin gero na godiya. Manoman Maraɗi ne suka mayar da itatuwa miliyoyi a gonakinsu da sassaben zamani tun daga shekarun 1980, da zarar sun tabbatar itacen nasu ne. Mutanen da suka yi wannan ba sa bukatar a koya musu darajar ƙasa.

Saboda haka abin da nake roƙo ba baƙo ba ne. A yi shelar kowane cinikin gona a masallacin Juma'a da ƙofar mai gari mako biyu kafin Cofo ta sa hannu. Kada a rubuta takarda sai kowane magaji, mace da namiji, ya bayyana da bakinsa. A fara yi wa mai noma wurin tayi, ko da aro yake yi, a kuma ba shi lokacin neman kuɗi har bayan kaka. Filin da aka katange aka bari shekara biyar babu gini a ɗora masa haraji mai nauyi, yadda ajiye ƙasa zai daina fin noma ta riba.

Wannan harajin zai hau kaina, domin ni ma ina da filaye biyu a bayan gari da na saya da kuɗin nonon awakin nan. A bidiyo kawai na taɓa ganinsu, kuma ranar da na aika kuɗin ban tambayi gonar wa aka yanka ba. Mu da ke waje muna cikin masu tayar da farashin da ya sa yayyena suka kasa kawar da kai. Na kira wani malami da muka yi karatun allo tare, ya tabbatar mini cewa wanda ke gari haƙƙinsa na shuf'a yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ke nesa yana nan a kan haƙƙinsa ko da tafiyarsa ta yi tsawo. Ban karɓi kasona ba tukuna. Na ce wa Yaya ta riƙe ledar yadda aka kawo ta, ta kuma sa a nemo mai sayen filayena biyu, ko kuɗinsu zai kai in fanshi ko da ɓangaren da gawon yake. Ta ce gawon yana nan ba a sare ba, amma yadda aka ja turakun, a tsakiyar titi ya faɗa, kuma bana Inna a tsofaffin robobi ta shuka yakuwarta a bayan ɗaki.