Tsoron jirgi ya hana ni zuwa Ɗakin Allah shekara uku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano daga Umara, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai har ya hana ni barci.

Shekara uku ke nan da Allah Ya hore mini kuɗin wannan tafiya. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce hidima ta yi yawa, ko in ce Allah bai kira ba tukuna. Astagfirullah. Ba gaskiya nake faɗa ba, tsoron jirgi ne kawai. Na ɗauki raunin zuciyata na jingina wa ƙaddara, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

A hanyar dawowa, mun baro Jidda da kamar awa biyu, jirgi ya shiga gargada. Aka ce kowa ya ɗaura bel, ma'aikata suka daina raba abinci suka zauna. Na damƙe hannun kujera, gumi na keto mini. Wata dattijuwa da ke gefena ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da kana ƙasa wa yake riƙe da kai?" Na ce, "Allah ne, Hajiya." Ta ce, "To nan ma Shi ne." Ta ci gaba da jan carbinta.

Wallahi kunya ta kama ni. Sau nawa na shiga motar haya daga Kano zuwa Kaduna cikin dare, tayoyi sun suɗe, direba yana gyangyaɗi, ban ko yi Bismillah ba? Sau nawa muke hawa acaɓa mu uku, mu kutsa tsakanin tireloli muna hira? A nan ba ma jin ɗar, saboda can cikin zuciya mun ɗauka a ƙasa mu ke tsare kanmu. Sai an ɗaga mu sama sannan mu tuna ba mu da dabara. Ashe tun can ba mu da ita! Wannan ne ciwon, ɗan uwa, ba jirgin ba.

Ban ce tsoron ba shi da asali ba. Manyanmu ba su manta jirgin alhazan da ya faɗi a Kano a watan Janairun 1973 ba, mutum 176 suka rasu. Ba a manta na Jidda a 1991 ba, wanda ya taso zai zo Sakkwato, mutum 261. Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma daga ranar zuwa yau, gawa nawa muka sallata ta waɗanda suka cika a kan katifarsu, ba su taɓa leƙa cikin jirgi ba? Ƙarshen Suratu Luƙman ya gama magana: babu wani rai da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta.

Ka tuna kakanninmu. Da ƙafa da jaki suke keta Barno da Chadi har Sudan, su tsaya su yi noma su tara guzuri, sannan su tsallaka Bahar Maliya. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu ba su dawo ba, ga jikokinsu can a Sudan suna jin Hausa har gobe. Kai kuma tafiyar awa biyar, kana zaune ana kawo maka abinci, ita ce kake gudu?

Kada ka ji kamar ina yi maka faɗa ne kawai, na ɗanɗana abin da kake ji. Gargadar nan iska ce, kamar mota ta hau hanya mai kunya-kunya, kuma an ƙera fukafukan ne su yi lanƙwasa ba tare da sun karye ba. Ɗaura bel ɗinka, wannan shi ne ɗaure raƙuminka da hadisi ya ce ka yi sannan ka dogara ga Allah. Kana zama ka karanta "Subhanallazi sakkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin", amma ka karanta da sanin ma'anarsa: ba ƙarfinmu ne ya hore mana wannan abin hawa ba. In jirgi yana hawa ka yi kabbara, in yana sauka ka yi tasbihi, haka Sahabbai suke yi a tudu da gangare. Leƙa taga ka tuna tsuntsayen Suratul Mulk, babu mai riƙe su sai Mai Rahama. In kuwa abin ya kai har numfashi na ɗauke maka, je ka ga likita kafin tafiya, ba abin kunya ba ne.

Don Allah, in kana da hali da lafiya, kada ka sake cewa ba a kira ka ba. In mahaifiyarka ce ke tsoro, kada ka yi mata dariya, zauna ka lallashe ta, in da hali ka raka ta. Shekara ukun da na ɓatar ba za su dawo ba. Don girman Allah ka tashi ka shirya, bana.