Wanda ke gefenka a wajen ɗaurin aure

Bahaushen Abuja ba ya buƙatar a kira masa taro na musamman don ya san mutane. Ga ɗaurin aure, ga suna, ga buɗa-baki da azumi, ga Juma'a duk mako. Abin da mutanen Landan, inda nake zaune, suke kama ɗaki a otal su biya kuɗi saboda shi, mu a kyauta muke samunsa, har da shinkafa da kaza. Sai dai ɓarnatar da shi muke yi, kuma matasa masu neman abin yi su suka fi kowa asara.

A nan Landan, bayan an tashi aiki ake haɗuwa. Kowa ya manna sunansa a ƙirji, ya riƙe kofi, ni dai lemo nake riƙewa. Ba wanda zai tambaye ka iyali ko gajiya. Daga sallama sai "wane aiki kake yi?" Cikin minti biyu ka faɗa, shi ma ya faɗa, ku nemi juna a LinkedIn, dandalin ma'aikata na intanet, kowa ya ƙara gaba. Abin ba armashi, har yau ban saba da shi ba. Amma washegari za ka ga saƙo, kuma wanda ya aiko ba shugaban kamfani ba ne, tsaranka ne.

To ka je Babban Masallacin Ƙasa ko masallacin An-Nur na Wuse 2 ranar da ake ɗaura auren 'yar wani babba. Ɗaurin auren kansa bai fi 'yan mintuna ba: wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa Fatiha. Kafin mutane su gama sauke hannu daga fuska, sahu ya watse, kowa ya nufi inda minista ko sanata yake. Maroƙa na kirari, masu hoto na ture juna, ɗan sanda ya tokare hanya. Ga saurayi nan ya sha shadda mai sitati, wataƙila ta aro, ya zo tun daga Kubwa ko Mararaba, takardunsa a ambulan cikin aljihun babbar riga. Da kyar ya kutsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ɗan gidan Alhaji wane ne."

"Madalla, ya Baba? Ka same ni a ofis."

Shi ke nan, an rufe ƙofar mota. Ranar Litinin zai je, a ce Yallaɓai yana ganawa. Ranar Laraba a ce ya yi tafiya. Wanda suka zauna kafaɗa da kafaɗa a masallaci kuwa, wanda ya matsa masa ya samu wuri, ko sunansa bai tambaya ba. Wataƙila ƙaramin ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya, irin waɗanda suke fara jin za a ɗauki ma'aikata tun kafin a buga a jarida. Wataƙila ɗan kwangila ne da ke neman wanda ya iya lissafi. Ido wa ka raina? Wanda kake gani yau da gobe.

Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya bi diddigin yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka samu aikinsu, ya wallafa sakamakon a 1973. Ya gano cewa cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani, akasarinsu ba aminin kullum ne ya yi musu hanya ba, wanda suke haɗuwa jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka ji shi ya ji, shi kuwa na nesa yana shiga inda ba ka shiga. Abuja ta fi ko'ina dacewa da wannan. Tun da aka dawo da gwamnati daga Legas a 1991, garin ya cika da baƙi, Basakkwace da ɗan Yola da ɗan Jos duk a sahu ɗaya, kowa da tasa hanyar.

Kunya ma tana cutar mu. An tarbiyyantar da mu cewa faɗar abin da ka iya yabon kai ne, don haka ka tambayi injiniya me yake yi, ya ce "muna dai ɗan taɓawa." Wa zai ba mai ɗan taɓawa aiki? Abin mamaki, mutumin da ke jin nauyin cewa ya iya haɗa wutar sola, shi ne ba ya jin nauyin roƙon alfarma a bainar jama'a. Mata sun fi mu wayo a nan. A wajen kamu ko walima, mai turaren wuta ba ta tashi sai rabin zauren sun karɓi lambarta. "Hajiya, wa ya ɗinka miki wannan?" Daga nan ciniki ya ƙullu, ba wadda ta durƙusa wa kowa.

Kada a ɗauka Ingila ta tsira daga wa-ka-sani. Makarantar Eton kaɗai ta fitar da firaministoci 20, kamar yadda Barewa ta ba mu Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa. Manya a ko'ina suna riƙe da junansu, kuma tun suna tsara suka ƙulla, lokacin da babu mai muƙami a cikinsu.

Wuri ɗaya ne nake so a ɗaga wa ƙafa: zaman makoki. Na sha ganin an idar da addu'a, mutum ya matsa kusa da wani darakta yana raɗa masa maganar ƙarin girma, 'ya'yan mamacin suna zaune a kan tabarma ɗaya suna ji.