Ɗan wasan da bai taka daɓe ba

A nan Ingila da wuya a kira mutum gwanin ɗan wasa in bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ido da ido ba. Ian McKellen, haihuwar 1939, ya daɗe yana wasannin Shakespeare a kan daɓe kafin duniya ta san shi a fim, kuma a 2005 ya shiga wasan talabijin na Coronation Street bai ga ya zubar da girma ba. Mu ma Hausawa mun yi irinsu. Marigayi Ƙasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci a NTA, kowanne ya zauna masa daram.

Abin da ke damuna, makarantar da ta fitar da irin waɗannan tana nan a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, amma mun raina ta. Yaron da ke tashe daga goma ga azumi, ya manna gemun auduga ya dogara sanda yana tari irin na tsoho, ko ɗalibin da ke wasan kwaikwayo a filin firamare ranar rabon sakamako, ya riga ya fara koyon abin da ake biyan kuɗi a koya a Landan. Muryarsa daga ciki take fitowa, don in da maƙogwaro ya yi, kafin rabin wasa ta dishe. Ya san ba a juya wa jama'a ƙeya, kuma in an fashe da dariya sai ya dakata ta lafa, in ba haka ba maganar gaba ta bi iska.

Gaban kyamara kuwa sai ya rage duk wannan. Zare idon da ke burge na bayan fili, in an matso da kyamara kusa da fuska, hauka yake zama. Ba a ɗaukar fim a jere: yau da safe kana kukan mutuwar matar da sai jibi za a ɗauki aurenku. Dole ka riƙe hannun da ka ɗauki kofi da shi da gefen da ka karkata hula, don in aka sake ɗauka ka canza, mai tace hoto ba zai iya haɗawa ba. A ƙauye ga injin markaɗe, ga akuya, ga rana tana gudu. Wanda bai haddace maganarsa ba sai ya cinye wa kowa hasken la'asar.

Nan ne bambancin. A Ingila sabon wasan daɓe kan ci wajen mako huɗu ana gwaji, sannan a yi shi sau takwas a mako. A wajenmu sau da yawa sai a wurin ɗauka ake gaya wa ɗan wasa abin da zai faɗa. Sannan ga ɗaure mutum a turke ɗaya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta Warawa, ya san lokacin sakin magana kamar yadda makaɗi ya san inda zai sauke gula, amma har ya rasu a 2014 kasuwa barkwanci take nema a wajensa, furodusoshi kuma kasuwa suke bi.

Da ni ne mai shirya wasa mai dogon zango, kafin in kunna kyamara sai na kai 'yan wasana Ringim ko Gaya ranar kasuwa, su yi mini fitowa uku a fili ba lasifika, in koma can baya wajen masu rake in ji muryar wa ke isowa.