Maganin firgici: ɗigon da ke yawo a waya bai san inda ciwon yake ba

Wasu bidiyoyi sun cika TikTok da YouTube, har sun fara gangarowa zaurukan WhatsApp. Wani ɗigo ne yake kai da komo daga dama zuwa hagu, wata murya mai sanyi tana cewa ka tuno abu mafi muni da ya taɓa samunka, ka bi ɗigon da ido na 'yan mintoci, za ka ji sakayau. Wai wannan shi ne EMDR, maganin firgici ta hanyar motsa ido. Ɗigon bai dame ni ba. Umarnin farkon ne ya tsaya mini a rai: "tuno abu mafi muni." A ƙasar da aka kwashe 'yan matan Chibok a 2014, ɗaliban Ƙanƙara a 2020, na Jangebe a 2021 da na Kuriga a 2024, wannan ba magana ba ce da za a jefa wa duk mai riƙe da waya a tsakar dare.

Maganin kansa ba na bogi ba ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta faro shi a 1987, ta wallafa bincikenta na farko a 1989, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da ta amince a bi wajen jinyar ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Amma tsarin da Shapiro ta bari matakai takwas ne, kuma sai a mataki na huɗu ake fara motsa ido. Ukun farko na sauraron tarihin mutum ne, da koya masa yadda zai kwantar da hankalinsa idan abin ya taso, da tantance tunanin da za a fara taɓawa. Masu bidiyo sun yanke waɗannan ukun sun zubar, sun riƙe wanda ya fi kyau a kyamara.

To wancan zaɓin tunanin da za a fara taɓawa, wanda suka zubar, a nan gwanintar take. Wanzami ma ba ya kafa ƙaho sai ya laluba jikin.

A ɗauki misalin matar da ta tsero daga wani ƙauye a Zamfara, yau tana rakuɓe a gidan 'yan uwa a Gusau. Ka tambaye ta abu mafi muni, za ta ce daren da aka shigo garin. Kowa ma haka zai zata. Amma ƙwararre ba daga nan yake farawa ba. Yakan fara da yau: me ke hana ta barci, me ke sa gabanta faɗuwa, ƙarar babur ce ko kukan yaro? Sai ya tambaye ta abin da take faɗa wa kanta game da kanta idan abin ya zo. Idan ta ce "ba ni da tsira", hanya ɗaya ce. Idan ta ce "ni na jawo" ko "na zama abin ƙyama", hanya ta canza baki ɗaya, domin ƙila tushen ba daren harin ba ne. Ƙila lokacin da hannun ɗanta ya suɓuce daga nata a cikin gudu ne. Ƙila ranar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga dangin miji suka kawar da kai. Ƙila ma wani abu ne tun tana yarinya, wanda harin ya fama. Shi ya sa ake bin wannan ji a koma baya da shi sannu a hankali har a kai ga karon farko da ta taɓa jin haka. Tsarin ya tanadi a bi abin da ya wuce, sannan abin da ke tayar da shi yanzu, sannan abin da take tsoron fuskanta gobe.

Ko an samu tunanin ma, ba a afka masa haka nan. Ana ware hoto guda daga cikinsa, a gano inda take jin abin a jikinta, ta auna zafinsa daga 0 zuwa 10, ta kuma auna daga 1 zuwa 7 yadda ta yarda da kyakkyawar maganar da take so ta maye gurbin mummunar. Da waɗannan ma'aunai ake sanin ko ana ci gaba ko ana ƙara dagula ta. Wa ke auna wa mai kallon bidiyo?

Gaskiya ne, wanda abu ɗaya ya same shi, kamar haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, zaɓinsa ba wuya, ana iya nufar haɗarin kai tsaye. Amma mutanenmu da yawa ba abu ɗaya ba ne ya same su. Hari ne a kan hari, gudu a kan gudu, ga kuɗin fansa, ga yunwar sansani. Irin wannan mutum sau da yawa da ƙaramin tunani ake fara masa, don ya ga ana iya buɗe abu a rufe shi lafiya. Wanda kuma har yanzu yake kwana da kunne ɗaya saboda maharan suna bayan gari, tsoronsa na gaske ne, kuma ana iya daɗewa a matakin shiri kafin a taɓa komai. Dalilin da ya sa zama ɗaya yake ɗaukar minti 60 zuwa 90 ke nan, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2018, ta yi maganar zama 8 zuwa 12. Ana buƙatar lokacin rufe abin da aka buɗe kafin mutum ya tashi. Bidiyo kuwa yana ƙarewa, talla ta shigo, a bar mutum da abin da ya tono.

Za a ce da babu gara ba daɗi, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba. Fama miki a tafi a bar shi ya fi babu muni. Wasu masana kuma suna jayayya cewa motsa idon ba ya ƙara wani abin kirki a kan sauran aikin. Idan sun yi gaskiya, to masu bidiyon ɓawon kawai suke rabawa.

Ba masu TikTok kaɗai nake nufi ba. Akwai salon bitar kwana biyu a otal, a tara ma'aikatan sa kai, a nuna musu kaɗa yatsan da mai jinya zai bi da ido, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a tura su sansanin 'yan gudun hijira. Horon farko da ƙungiyoyin wannan fanni suka amince da shi yakan kai awa 50, har da aiki a ƙarƙashin kulawar gwani, kuma ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ake ba da shi. Wanda bai samu wannan ba, tambaya ɗaya ya sani, ita ce ta bidiyon: me ya fi miki ciwo? Abin takaicin shi ne maganin yana da abin da ya dace da mu ƙwarai, domin ba ya tilasta wa mutum ya zayyana abin da ya faru dalla-dalla. Matar da kunya ba za ta bar ta ta furta abin da aka yi mata ba tana iya amfana. Ɗan koyo shi ne zai fara matsa mata ta ba da labari.

Tun Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa da Kware. A horar da mutane a can yadda ya kamata, waɗanda za su iya yin tambayoyin nan da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kuma ma'aikatar lafiya ta fito ta faɗi wanda ya halatta ya yi wannan aiki da wanda bai halatta ba. Ƙungiyar da ke da kuɗin bitar otal tana da kuɗin biya wa ma'aikata biyu cikakken horo.