Tsoron Zolaya Ne Ke Zaɓa Wa Yaranmu Kulob

Duk wanda ya ce yaro ɗan shekara 8 yana zaɓar kulob ne saboda tarihi, bai taɓa zama a bencin baya na gidan kallon ƙwallo ba. Yaro bai san kofi nawa Real Madrid ta ɗauka ba sai an faɗa masa. Abin da ya sani shi ne wa aka yi wa ihu ranar Asabar da daddare, wa kuma ya fita yana buga ƙirji. A nan Kaduna, daga Rigasa har Kawo, a bakin yayye ake gina sunan kulob, a bakinsu kuma yake rushewa.

Da an hura tashi, mai gidan kallo ya kashe janareta, sai a kwashe zuwa teburin mai shayi. Nan za a sa ɗan kulob ɗin da ya sha kashi a tsakiya. Wannan ya ce, "Malam, yau ina bakin?" Wancan ya ce a haɗa masa shayi mai kauri ya huce. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ta latsa waya kamar ana kiransa. Ƙanensa na tsaye a gefe, sanye da irin rigar, yana kallon komai. Washegari a filin unguwa sa'o'insa za su maimaita masa kalma bayan kalma. Idan abin ya faru mako uku a jere, kada ka yi mamaki ka gan shi yana roƙon uwarsa ta saya masa wata rigar.

Shi ya sa kana iya ƙiyasta shekarun mutum daga kulob ɗinsa. Yawancin 'yan Arsenal na garin nan sun shiga ne bayan Nwankwo Kanu ya koma can a 1999, suka ƙara kafewa a kakar 2003/2004 da aka gama Firimiya ba a doke su ba. Chelsea ta samu jama'a tun zamanin Celestine Babayaro, wanda haifaffen Kaduna ne, sannan Mikel Obi ya zo a 2006, aka ɗauki kofin Zakarun Turai a 2012. Manchester United ta kwashi nata a hannun Ferguson, amma tun da ya tafi a 2013 sababbin shiga suka ragu. Yaran yanzu ma sun sauƙaƙa wa kansu, ɗan wasa suke bi. Ronaldo ya koma Al-Nassr, sai ga riga ruwan ɗorawa a kan titi. Messi ya koma Inter Miami a 2023, sai ga ruwan hoda a rumfunan Kasuwar Barci.

Manya na yi wa wannan kallon rashin amana, suna cewa yaran zamani 'yan bi-ta-mai-nasara ne. Ni ban ga bambanci ba. Ɗan Arsenal ɗin da yake alfahari da haƙurin da ya yi na fiye da shekara 20 ba kofin Firimiya, ai lokacin da ake ci ya shiga. Amanar daga baya ta zo, bayan jama'a sun riga sun san shi da kulob ɗin, sauya sheƙa ta zama abin kunya. Yaron da ya ɗauki Manchester City bayan ta haɗa kofuna uku a 2023 hanyar babansa ya bi.

Wasu iyaye kuma suna ganin a hana yara shiga adawar gaba ɗaya, tunda takan kai ga dambe. Tsoronsu na da tushe, amma ba zolayar ce ke kawo faɗa ba. Mu mutane ne da suka san barkwanci: Bafillace da Babarbare suna yi wa juna tsiya tun kaka da kakanni, su tashi suna dariya, domin kowa ya san iyakarsa. A gidan kallo iyakar tana ɓacewa ne a wuri biyu, idan aka ambaci iyayen mutum, ko idan kuɗin caca ya shiga. Wanda ya zuba kuɗin cefane a kan wasa ba ya jin wasa. Nan ya kamata iyaye da masu gidajen kallo su sa ido.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Duk wannan zafin, duk wannan musun, mun tattara shi mun aika Ingila da Sifaniya, alhali garin nan ba baƙon ƙwallo ba ne. A Kaduna aka haifi Rashidi Yekini, wanda ya fara taka leda a kulob ɗin masaƙar UNTL, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Tawagar Najeriya da ta ɗauko zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 tana da Daniel Amokachi da Tijani Babangida da Garba Lawal da Babayaro, duk 'yan Kaduna, kuma Babayaro da Amokachi ne suka ci biyu daga ƙwallaye ukun da aka zura wa Ajantina a wasan ƙarshe. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasa a 1988, ta ɗauki kofin WAFU na Yammacin Afirka a 1989. Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin Tarayya a 2010. Tsayar da yaro a Tudun Wada ka tambaye shi ɗaya daga ciki. Zai lissafa maka 'yan bencin Barcelona kafin ya tuna.

Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa zolayarsa don an ci Ranchers Bees, ba kuma wanda ya taɓa ɗaga shi sama don ta yi nasara. Kulob ɗin da ba a musu a kansa wajen mai shayi, a wurin yaro babu shi. Kanawa sun gane haka. Ɗan Kano na iya zama ɗan Madrid da daddare, amma da la'asar "Sai Masu Gida" yake, kuma kofunan lig huɗu da Kano Pillars, mai wannan kirarin, ta ɗauka tsakanin 2008 da 2014 sun ba shi abin faɗa.

Ɗan wasan gaba Sadiq Umar, shi ma ɗan Kaduna, ya zuba hannun jari a Ranchers Bees, kuma ya cancanci yabo. Sai dai sayen 'yan wasa kaɗai ba zai kawo yara ba. A buɗe ƙofa kyauta ga 'yan firamare ranar wasa, a sa lokacin da bai ci karo da Firimiya ba, a tsare filin yadda uba zai yarda ya zo da ɗansa, a kai riga mai sauƙin kuɗi Kasuwar Sheikh Gumi ta rataya kusa da ta Madrid. Sannan a nemi wasan sada zumunta da Kano Pillars ko Katsina United kowace shekara, gida da waje, domin yaran Kaduna su samu wanda za su yi wa tsiya wanda motar haya ke kai su garinsa.